Ƙaton da Ke Cikin Tankin Kawu

3 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da ma'aikatan gidan wanki. Ya ƙafar nan taka? Ina fatan ka rage wuni a tsaye gaban teburin guga, ko da yake na san ba ka rage ba. Ni lafiya lau nake, sai idanu da suka gaji da leƙen madubin likita.

Za ka ce ba na rubutowa sai da bukata. Gaskiya ne, yau ma da ita na zo. Da waya zan kira, to ka ce ƙarar injina ta cinye maka kunne, magana in ba a takarda take ba, ba ta shiga.

Ka tuna tsohon tankin ƙarfen da ke bayan shago, wanda kuke tara ruwa saboda ranar da famfo ya ɗauke? Lokacin da marigayiya Umma ta kai ni gidanku ina 'yar shekara tara, na hau bokiti na leƙa ciki, ka daka mini tsawa har na faɗo. To lakar da ke gindinsa nake so. Bincikena na digirin ƙarshe a kan ƙananan halittun da ke zaune a tsohon ruwa ne, kuma shekara biyu ke nan ina tankaɗe lakar wurare ban sami abin kirki ba. Farfesan da ke duba aikina ya fara yi mini kallon tausayi.

Ga kwalba nan na haɗo da takardar izinin aikowa. Ka cika ta rabi, ka rufe da kyau. Don Allah kada ka wanke kwalbar, a wanke take.

'Yarka

*

19 ga Fabrairu

'Yata,

Wa alaikis salam. Mun ga saƙo, mun gode Allah da kike lafiya. Ƙafa da sauƙi, sai in za a yi ruwa take tuna mini tana nan. Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci, don hoton da kika aiko bara wuyanki kamar mariƙin lema.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne, tare muka tashi, kuma tun tana raye nake gaya wa mutane 'yarta likita za ta zama. Yau shekara nawa kina karatu, ashe laka ake nema. Da kin faɗa tun da wuri da na tara miki buhu.

Duk da haka na yi abin da kika ce. Na naɗe wando na shiga da kaina, ga ƙafa. Innarki tana riƙe da tsani tana cewa in na mutu a ciki ba za ta iya faɗa wa mutane dalili ba. Shekara ashirin da biyu rabon tankin nan da wanki, abin kunya ga mai gidan wanki, saboda haka kada ki rubuta wannan a littafinki.

Kwalbar ban wanke ba, bayanta kawai na goge. A gidan waya ma'aikaciyar ta tambayi abin da ke ciki, na ce laka. Ta ce ta magani ce? Na ce ta ilimi ce. Ta daɗe tana kallona kafin ta buga hatimi.

Kawunki

*

28 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri, a gaida Inna, a ce mata ina cin abinci. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Ka yi haƙuri da shirun, in ka ji dalili za ka yafe.

Kawu, an samu! A cikin lakarka aka samu!

Bari in yi bayani a hankali. Akwai irin ƙwayar cutar da ake kira bairos, kamar mai sa mura. Yawancinsu ƙanana ne ƙwarai, madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsu. To akwai wasu da ake kira ƙattai, su ana ganinsu, har masu binciken farko sun ɗauka wata halitta ce daban. Naka yana cikin ƙattan nan. Ranar da na gan shi na yi ihu har mai shara ta yar da tsintsiya.

Ba jiki kawai ba. Kowace halitta tana ɗauke da rubutun yadda aka gina ta, muna ce masa kundin halitta. Na bairos ɗin mura ka ɗauke shi kamar 'yar takardar da kake maƙalawa a wuyan riga. Na wannan kuwa littafi ne guda, harafi sama da miliyan biyu. Mun karanta, mafi yawan abin da ke ciki bai yi kama da na kowace halitta da aka sani ba. Ba mu san me yake yi da wannan uban rubutu ba. Farfesa ya zauna gaban na'ura ya cire tabarau ya mayar har sau huɗu, sannan ya ce mini, "Ina kawun nan naki yake? Ina son in gaishe shi."

Mun zuba shi a faranti muka sa ido. Kawu, ban taɓa ganin ɓarna irin wannan ba. Kafin kwana ɗaya, duk wanda ya kama sai ya kumbura ya fashe, ba ya barin ko ɗaya da rai daga cikin

*

9 ga Afrilu

'Yata,

In kina raye, ki amsa wannan takarda ranar da ta same ki. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Mu dai har zuwa safiyar yau ba wanda ya fashe.

Wasiƙarki ta ƙare a tsakiyar magana, ba sallama, ba sa hannu. Na juya bayanta, na zazzage ambulan, ba komai. Sai na kai wa mai kemis na kusa da mu, tunda shi ne mai ilimin magani a layin. Kuskuren da na yi ke nan. Shagon cike da mutane, ya gyara murya ya karanta da ƙarfi kamar mai labarai. Da ya zo ƙarshe ya ninke takardar a hankali ya ce, "Maigida, sai haƙuri. Ba ta ƙarasa ba saboda a daidai nan abin ya kama ta."

Na ce, "Daga cikin wa take nufi?"

Ya ce, "Daga cikinmu mana. Wa kuma ya rage?"

Kafin in dawo shago labari ya riga ni. Matar tela ta zo ta kwashe labulenta jiƙe. Mai aski ya ce shi dama ya daɗe yana jin motsi a tankin nan. Wani ya ce ya ga wutsiyarsa. Na ce musu sai da madubi ake ganinsa, suka ce to me ya sa ake ce masa ƙato? 

Washegari manajan otal ya aiko mota aka kwashe zannuwan gadonsu da tawul, ya ce sai abin da hali ya yi. Kin san aikin otal ɗin nan shi ne ƙashin bayan shagon, shi ke riƙe da ma'aikata biyar. Rana ta uku duba-gari ya zo, ya rufe hanci da ƙyalle biyu, ya ɗaura kwalba a bakin doguwar sanda ya ɗebi laka daga nesa kamar mai ba kura abinci. Sannan ya manna takarda a ƙofa, ya ce a rufe sai an ji daga sama.

Ni kuwa da na shiga cikinsa har gwiwa? Kullum da safe ina auna cikina da tef ɗin tela. Ya ƙaru da yatsa biyu. Innarki ta ce tunda aka rufe shago ba abin da nake yi sai ci da zama, dole ya ƙaru. Ita ko a jikinta. Ta ce shekara ashirin da biyu tana wanke hannu da ruwan nan, in fashewa ce da tuni ta fashe, kuma ba ruwa ne zai fasa ta ba, ni ne.

Tankin dai na gama da shi. Na zubar da ruwan, na kankare, na wanke da ruwan bilic sau uku, yanzu kina iya ganin fuskarki a gindinsa. Bokiti da tsintsiya da wandon da na shiga da shi na ƙone. Na so in kira ki, amma wayar tana aljihuna ranar da na ɗebo lakar, saboda haka ita ma na tsoma ta a bilic. Ba ta ƙara magana ba.

'Yata, shago abin duniya ne. Amma ke kaɗai kika rage mini ta wajen mahaifiyarki, kuma da hannuna na cika kwalbar nan. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Kawunki

*

21 ga Afrilu

Kawu,

Ina raye! Lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ban yi ba. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, ina roƙon gafararku ku duka har ma'aikata.

Na karanta takardarka a tsaye, na zauna a ƙasa, na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na yi duka biyun. Wasiƙar shafi biyu ce. Na biyun yana nan cikin littafin aikina, na same shi yau da tabon shayi a kai. Ɗoki ne ya sa na liƙe ambulan ban duba ba. Ga shi na haɗo, amma bari in maimaita da manyan baƙi. Ba ya barin ko ɗaya da rai daga cikin AMIBOBIN da muka zuba masa. Amiba wata 'yar halitta ce ta cikin ruwa, ido ba ya ganinta, ita ce abincinsa. Mun gwada shi a kan ƙwayoyin jikin mutum, ko kallonsu bai yi ba. Ka mayar wa tela tef ɗinsa.

Farfesa ya rubuta wa duba-gari takarda mai hatimi, ya yi wa manajan otal tasa. Suna cikin ambulan ɗin nan, na ƙirga sau biyar.

Yanzu ga tawa damuwar, ko da yake ina jin kunyar faɗa. Masu jarraba ni sun ce kwalba ɗaya ba ta isa hujja ba. Wai ta yiwu ƙaton daga ɗakin bincikenmu ya faɗa ciki, ba daga tankinka ya zo ba. Sai an sake samunsa a laka ta biyu wadda ba ta taɓa shiga ɗakinmu ba, a wani ɗakin bincike daban. Saura mako tara in tsaya gabansu. In babu, aikin shekara huɗu ya koma labari.

Da na zo inda ka ce bilic sau uku, sai da na kifa kai a tebur. Kawu, ba abin da ya rage? Ko a bakin famfon tankin? Kwalbar da duba-gari ya ɗiba fa, tana ina? In bai zubar ba, ita ce rayuwata. Ga adireshin ɗakin binciken da za a aika ta na haɗo.

Na kuma karanta ƙarshen takardarka. Ban san haka kake ji ba. Na ajiye ta.

'Yarka mai laifi

*

6 ga Mayu

'Yata,

Alhamdu lillahi. Muna lafiya, ciki ya tsaya inda yake, ƙafa ce ta ɗan motsa saboda zirga-zirgar da kika sa ni. Innarki ta ce in gaya miki ita ta sani tun farko. Tun ranar ba ta faɗi wata magana ba sai wannan.

Da farko na yi fushi. Mutum ya karanta harafi miliyan biyu, ya kasa ƙirga takarda biyu! Na kwana biyu ina shirya miki faɗa, da na zauna rubutawa sai na tarar ya tsere.

Na fara kai wa mai kemis shafi na biyu, na jira sai da shagon ya cika. Na ce ya karanta da muryar ranar nan. Ya karanta ƙasa-ƙasa, ya ce ai shi dama ya yi zargin amiba ce. Na ce ya nuna mini amiba a littafinsa, ya ce littafin yana gida.

Daga nan na wuce ofishin duba-gari. 'Yata, abin da na gani. Teburinsa da kujerarsa da fankarsa duk suna baranda, a nan yake aiki wata guda. Ofishin a kulle, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ashe da ya kawo kwalbar ya rubuta wa na sama su zo su ɗauka, na sama suka ce ya kawo da kansa, direba ya ce ba a motarsa ba. Zubarwa kuma yana tsoron ta shiga rijiyoyin mutane. Sai ya sa ta a leda uku, ya sa a bokitin yashi, ya kifa baho a kai, ya bar mata ofis.

Na ba shi takardar Farfesa. Ya karanta, ya duba hatimi, ya ɗaga ta a rana. Ya ce, "Na yarda da takarda. Amma shi abin ya san da ita?"

Na ce, "Ba ni makulli."

Ya ce, "Maigida, kana da iyali."

Na ce, "Ni na yi kiwonsa shekara ashirin da biyu, ya san ni."

Ma'aikata suka taru a bakin taga. Na shiga, na ɗaga baho, na tone yashi. Ba zan ɓoye miki ba, sai a lokacin na tuna wadda ta ce ba ya cin mutum ita ce ta manta shafi. Na fito da kwalba a hannu, mutane suka dare kamar an jefa wuta. Wata mata ta yi salati. Duba-gari ya bi ni a baya da tazarar taku goma har shago, ya ɓalle takardarsa daga ƙofa, ya ce in yi wa Allah kada in sake samun wani abu a tankin nan sai ya yi ritaya.

Kwalbar ta tafi jiya zuwa adireshin da kika bayar, a rufe yadda ya rufe ta, da sa hannunsa a kan murfi. Lakar ta ɗan bushe ta sama, amma ƙasan da danshi.

Manajan otal ya dawo da tawul, zannuwa tukuna. Ya ce yana son ya ga yadda tawul za su yi. Matar tela kuwa ta kawo labulen nan, ya yi funfuna, wai laifina ne.

Wata tambaya. A shafi na biyu kin ce wasu ƙattan suna da nasu ƙaramin bairos da ke shiga jikinsu ya wahalar da su. Nawa yana da shi? In yana da shi ki bar shi ya sha, ya ji yadda na ji.

Kawunki

*

30 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa da godiya marar iyaka, a gaida Inna. Ina fatan ƙafa ta huta, zannuwa sun dawo.

Yana ciki! Ɗaya ɗakin binciken sun same shi da ransa, kundinsa iri ɗaya da namu. Na tsaya gaban masu jarrabawa ranar Talata, awa uku, na fito da digiri. Da na ba su labarin ofishin duba-gari, babbansu ya yi dariya har ya ƙware. Kuma e, yana da ƙaramin da ke damunsa, an rama maka.

Farfesa yana son a ci gaba. Ya ce ko an wanke tanki, bututun da ke ƙarƙashinsa da kwatar bayan shago ba za su rasa 'yan'uwansa ba. Zan aiko kwalabe shida, in ba damuwa.

'Yarka

*

14 ga Yuli

'Yata,

Innarki ce. Rubutuna ba shi da kyau, ki yi haƙuri da shi. Muna lafiya, mun yi murna, Allah ya sa albarka. Zannuwa sun dawo, injina na ta ƙara.

Kawunki ba zai rubuto ba, wai yana da aiki. Aikin shi ne ya sa kujera kusa da tanki yana ba mutane labari. Abin da a da sai da madubi, yanzu a bakinsa ya kai ɗan akuya. Mai aski da tela kowa ya daina wanke tankinsa, suna tambaya ko Farfesa zai duba nasu. Layin nan ya fara wari, kuma ke kika ja.

Kwalabenki shida sun iso. Ya jera su a kan kanta, ya ce ko ɗaya ba zai cika ba. Wai ƙafa. Ƙarya yake, jiya na gan shi a kan tsani yana shafa wa ɗakin baƙi fenti. Ya sayi katifa, ya canja labule, ya tambaye ni har sau uku ko masu digiri suna kwana da fanka. Na ce ya rubuta ya ce ki zo mana. Ya ce shi ba ya roƙon yara, ke ma kina da aikinki.

To ni ina roƙo. Shekara goma sha ɗaya rabonki da gidan nan. Laka tana nan a bututu, ba mai taɓa ta, amma gidan waya ba zai ƙara ɗaukarta ba. Mai so ya zo da ƙafarsa ya ɗiba.

Ki rubuto ranar da za ki iso da lokacin mota. Kuma ki sa duka a shafi ɗaya, don shi zai je tasha, tun asuba zai tafi ya zauna, ba na son ya zauna ranar da ba ita ba.

Innarki